Ɗan Aike Tsakanin Mai Karatu da Kanta: Yadda Ake Gina Manhajar Neman Littafi

Littafi yana iya ɓata ba tare da ya bar kantarsa ba. Yana nan a jere da 'yan'uwansa, da lambarsa manne a jikinsa, ba wanda ya ara, ba wanda ya sace, amma ɗalibi ya rubuta sunansa a kwamfutar laburare ta ce masa babu. Ɗalibin ba zai yi musu da na'ura ba. Zai saɓa jakarsa ya fita, gobe ya faɗa wa malaminsa cewa ya duba bai samu ba. Kuɗin da aka sayi littafin da su sun tafi a banza ke nan, wahalar wanda ya yi masa rajista ita ma ta bi ruwa.

Ni aikina kula da kwamfutoci ne a laburaren wata kwaleji, kuma cikin abin da aka ɗora mini har da haɗa 'yar manhajar da ɗalibai ke neman littafi da ita a wayoyinsu. Mutane na ɗaukar wannan aiki wani babban sihiri ne, alhali rubuta manhajar kanta ba wuya. Duk yaron da ya fara koyon Python ko JavaScript zai iya tsayar da ita ta fara amsa tambaya cikin ɗan lokaci. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa duk ranar da ta ce wa mai karatu babu, to da gaske babu ɗin. A nan ne aikin yake, kuma a nan ne mu masu Hausa muke da ƙarin kaya a kai.

Abin da ke bayan akwatin nema

Akwatin nan da kake rubutu a ciki ka danna, baki ne kawai. A bayansa abubuwa uku ne ke aiki. Na farko bayanan littattafan da ma'aikatan katalog suka rubuta ɗaya bayan ɗaya. Na biyu babbar kwamfutar da ke ajiye da su, wato sabar, wadda ta tsara kalmomin cikinsu a wata irin fihirisa yadda za ta iya cewa kalma kaza tana cikin littafi kaza da kaza ba tare da ta sake karanta komai daga farko ba. Na uku ita ce 'yar manhajar da muke magana a kanta. Ni ɗan aike nake kiranta, don aikinta bai wuce na ɗan aike ba: ta karɓi saƙo daga bakin mai karatu, ta kai wa sabar cikin yaren da sabar ke ji, ta karɓo amsa, ta dawo ta faɗa yadda mutum zai gane. Ba ta da littafi ko ɗaya a hannunta, ba kuma ita ke yanke hukuncin akwai ko babu ba.

A da, katalog na kwamfuta littattafan da ke cikin gini kaɗai ya sani, kuma sai ka faɗa masa ko sunan marubuci kake nema ko sunan littafi. Daga baya ɗalibai suka saba da Google, suka daina haƙuri da wannan tsari. A 2006 laburaren Jami'ar Jihar North Carolina a Amurka ya fito da katalog mai akwati ɗaya, da jerin hanyoyin tacewa a gefe: ta shekara, ta harshe, ta maudu'i. Jami'ar Villanova ta ƙirƙiro VuFind, Jami'ar Virginia ta ƙirƙiro Blacklight, dukkansu kyauta, dukkansu a kan injin nema mai suna Solr. 'Yan kasuwa ma suka shigo da nasu na kuɗi, irin su Summon da ya fito a 2009, da Primo, da EBSCO Discovery Service, waɗanda ke haɗa littattafan kanta da maƙalun mujallun ilimi a wuri ɗaya. Irin waɗannan ake kira tsarin gano littafi, kuma su ne ɗan aiken namu ke ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Yadda kati ya koma lambobi

Wanda zai gina manhajar nema bai san yadda ake rubuta bayanin littafi ba, zai sha wuya. Kusan duk katalog na duniya yana tafiya ne bisa wani tsari mai suna MARC. Wata mata ce, Henriette Avram, ta jagoranci ƙirƙiro shi a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, inda ta fara aiki a 1965. Ba horon laburare ta yi ba, mai rubuta manhaja ce, sai ta zauna ta koyi aikin katalog daga masu yin sa kafin ta ɗora hannu. Zuwa 1968 an kammala gwajin farko. A 1999 aka haɗe tsarin Amurka da na Kanada ya zama MARC 21, wanda yawancin laburarorin jami'o'inmu ke amfani da shi yau.

Abin da Avram ta yi shi ne raba katin katalog gida-gida, kowane gurbi da lambarsa. Gurbi na 100 na marubuci ne. Na 245 na sunan littafi. Na 260, ko 264 a sababbin bayanai, na garin da aka buga da kamfanin ɗab'i da shekara. Na 020 na lambar ISBN. Na 650 na maudu'i. Harshen littafi kuma ana nuna shi da haruffa uku, na Hausa shi ne hau. Idan aka ɗauki *Ruwan Bagaja*, sunan zai shiga 245, Abubakar Imam ya shiga 100, amma a juye, Imam a gaba, Abubakar a baya, kamar yadda Turawa ke jera sunaye.

Wannan juyi kaɗai ya isa ya nuna maka inda matsala ke farowa. Hajiyar da ke shugabantar sashen katalog a wurinmu, wadda ta fara aiki tun ana buga kati da tafireta, ta taɓa ce mini: "Malam, na'urar nan taka ba ta san littafi ba. Abin da na rubuta kaɗai ta sani." Duk wanda zai shiga wannan aiki ya riƙe maganar nan. Sabar ba ta taɓa ganin bangon littafi ba. Idan an rubuta suna da kuskure shekaru talatin da suka wuce, kuskuren ne gaskiya a wurinta.

Yaren da sabar ke ji

Ƙofofin shiga sabar laburare iri uku ne za ka fi haɗuwa da su. Mafi tsufa ita ce Z39.50, ƙa'idar da aka fara amincewa da ita a 1988, tun kafin a san shafukan intanet. Har yau ma'aikatan katalog na amfani da ita wajen kwafo bayanin littafi daga manyan laburarori maimakon su rubuta daga farko. Sai dai burauzar waya ba ta jin wannan yare, saboda haka ba ta nan mai koyo zai fara ba.

Ta biyu ita ce SRU, jikanyar ta farkon, wadda ke ɗaukar tambaya a cikin adireshin intanet na yau da kullum. A ƙarshen adireshin sabar kake liƙa buƙatarka: operation=searchRetrieve na nufin a nemo, query na ɗauke da abin da ake nema, maximumRecords na faɗin guda nawa za a turo, startRecord na faɗin daga na nawa za a fara. Ita tambayar ana rubuta ta da wani ɗan yare mai suna CQL, inda dc.title ke nufin a duba cikin sunan littafi, dc.creator kuma cikin sunan marubuci. Kyawun SRU shi ne kana iya tura mata operation=explain ta faɗa maka da kanta gurabun da take karɓar tambaya a kansu. Amsarta na zuwa cikin tsarin XML.

Ta uku ita ce wadda sababbin tsare-tsare suka fi yi, inda amsa ke zuwa cikin JSON, rubutu mai sauƙin warwarewa ga manhaja. Wanda ke son gwada hannunsa yau, ba tare da neman izinin kowa ba, ya fara da Open Library, katalog ɗin da Internet Archive ke gudanarwa. Rubuta openlibrary.org/search.json?q=abubakar+imam a burauza. Abin da zai fito ba kyan gani, amma idan ka nutsu za ka ga numFound, adadin abin da aka samu, sai docs, jerin littattafan, kowanne da title da author_name. Wannan cukurkuɗaɗɗen rubutu shi ne ɗanyen kayan aikin duka.

A jami'o'i da kwalejojin Najeriya da dama, Koha ce a bayan katalog. An rubuta ta ne a 1999 a ƙasar New Zealand, lokacin da hukumar laburarorin gundumar Horowhenua ta ga tsohuwar manhajarta ba za ta tsallake matsalar shigar shekarar 2000 ba. Kamfanin Katipo ya rubuta musu sabuwa, aka sake ta kyauta ga kowa. Koha na iya buɗe ƙofar Z39.50 da ta SRU, tana kuma da tata ƙofar ta JSON, amma sai mai kula da sabar ya kunna. Saboda haka kafin ka rubuta layi ɗaya, je ka gaishe shi ka tambaye shi wace ƙofa ce a buɗe. Matambayi ba ya ɓata.

Matakai huɗu

Mataki na farko shi ne karɓar abin da mutum ya rubuta a gyara shi. A cire sararin da ya yi yawa a farko da ƙarshe. A kula da alamomin da ke da wata ma'ana ta musamman a wurin sabar, kamar alamar zance da baka da tauraro, domin idan ɗalibi ya buɗe alamar zance bai rufe ba, tambayar gaba ɗaya za ta lalace. Haka kalmomin and da or da not: a CQL umarni ne, ba kalmomin nema ba, sai an kulle su cikin alamar zance idan suna cikin sunan littafi.

Na biyu shi ne shirya adireshin. Adireshin intanet ba ya ɗaukar sarari, ba ya ɗaukar haruffa irin namu kai tsaye, sai an mayar da su lambobi. Sarari ya zama %20, harafin ƙ ya zama %C6%99, ɗ ya zama %C9%97. Kowane yaren rubuta manhaja yana da umarnin da ke yin wannan da kansa, kada ka ce za ka yi da hannu.

Na uku shi ne turawa da jiran amsa. Kowace amsa na zuwa da lamba a goshinta: 200 na nufin lafiya lau, 404 na nufin adireshin ba daidai ba ne, 429 na nufin ka cika tambaya, ka dakata, 500 kuma sabar ce da kanta ta samu matsala. A sa wa jiran iyaka, daƙiƙa goma ko makamancin haka, kada mai karatu ya zauna yana kallon da'ira na juyawa har data ɗinsa ta ƙare. Idan sabar mai buƙatar makullin sirri ce, kamar na 'yan kasuwa, kada a saka makullin cikin shafin da ke sauka a wayar mutane, domin kowa na iya buɗe shafi ya karanta abin da ke cikinsa. Sai a ajiye wata 'yar sabar tsakiya mai riƙe da makullin, waya ta tambaye ta, ita kuma ta tambayi babbar. Wannan dabara na kuma warware wani tsaro da burauza ke da shi na hana shafi karanto amsa daga sabar da ba ta ba shi izini ba.

Na huɗu shi ne nuna amsa. Abu biyar mai karatu ke buƙata: sunan littafi, marubuci, shekara, lambar kanta, da ko yana nan ko an ara. Na huɗun cikinsu, wato lambar kanta, ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi masu koyo suka fi mantawa, don ba ya cikin gurabun da suka saba gani. A Koha bayanin kwafe-kwafen littafi na zaune ne a gurbi na 952. Jerin sakamako ba lambar kanta bai kai mutum ko'ina ba. A nan ne kuma za a shirya wa giɓi: wani littafin ba marubuci, wani ba shekara. Manhajar da ta ɗauka kowane gurbi a cike yake za ta tsaya cik a kan littafi na farko da ya saɓa.

Inda Hausa ke tuntuɓe

Duk abin da na faɗa zuwa nan, ɗan Indiya ko ɗan Jamus ma haka zai yi. Daga nan ne namu aikin ya bambanta.

Fara da haruffa masu lanƙwasa. *Ganɗoki* na Muhammadu Bello Kagara yana iya zama a katalog da ɗ, yana iya zama da d tsura. Tsohon jerin haruffan da MARC ya daɗe yana aiki da shi ba shi da ɓ da ɗ da ƙ sam, an tsara shi ne da harsunan Turai a rai. Saboda haka masu katalog na wancan zamani suka yi abin da za su iya: wasu suka zubar da lanƙwasar, wasu suka sa ɗigo a ƙarƙashi, wasu suka sa waƙafi a sama. Yau kuma ɗalibi ɗaya na da allon rubutun Hausa a wayarsa, na kusa da shi ba shi da shi. A wurin kwamfuta d da ɗ ba su haɗa komai ba, lambobinsu daban, kamar yadda d da z suke daban.

Akwai dabarar da masu manhaja suka saba yi wa haruffan Faransanci: a raba é gida biyu, e da 'yar alamar samanta, a jefar da alamar. Mai koyo zai kwafo wannan ya ɗauka ya gama. Ba ta aiki a kan namu, domin a tsarin Unicode, wanda kwamfuta ke ba haruffa lambobi da shi, ƙ harafi ne guda cur, ba k ba ce da aka ɗora wa wani abu. Dole ka rubuta naka ɗan jadawali: ɓ ta koma b, ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ƴ ta koma y, manya da ƙanana. Mafi inganci a yi wannan a ɓangarorin biyu, a fihirisar sabar da kuma a tambayar mai karatu. Solr na da matatar da ke yin haka idan an kunna ta. Idan ba ka da iko da sabar, sai ɗan aikenka ya tura siffofin biyu a tambaya ɗaya, Ganɗoki ko Gandoki. Amma a kula: wajen nema kaɗai ake daidaita su. Wajen nuna sakamako a bar suna yadda yake, don kafa da ƙafa ba abu ɗaya ba ne, kuma mai karatu na da haƙƙin ganin harshensa daidai.

Sai waƙafin sama na 'ya'ya da 'yan da sana'a. Waya na iya rubuta shi a miƙe, kwamfuta ta rubuta shi a lanƙwashe, ido na ganin abu ɗaya, na'ura na ganin biyu. Wasu injunan nema ma suna ɗaukarsa a matsayin ƙarshen kalma, sai su datse sana'a gida biyu. Littattafan da aka buga a Nijar kuma ƴ suke rubutawa inda na Najeriya ke rubuta 'y. Ɗalibin Maraɗi da na Katsina abu ɗaya suke nema, manhaja ce za ta haɗa su.

Akwai kuma kalmomin da injunan nema ke zubarwa da gangan don sun cika yawa a Turanci. A cikin jerinsu akwai a da an da in da to, wasu jerin har da so. Duk waɗannan kalmomin Hausa ne masu ma'ana. Ɗauki *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino ka miƙa wa injin da aka saita da irin wannan jeri, ya zubar da kalma ta farko da ta uku, ka ga abin da ya rage. Haka batun jam'i. Injin ya san yanke s a ƙarshen kalmar Turanci, amma bai san littafi da littattafai dangi ne ba, balle mace da mata. Maudu'in gurbi na 650 kuma galibi da Turanci ake rubuta shi, bisa jerin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. Ɗaliba ta rubuta aure, katalog na ɗauke da Marriage, sai su wuce juna. Maganin shi ne jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya, wanda ba wani kamfani a waje da zai rubuta mana.

Sunayen mutane sun fi komai rikici. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana bayyana a katalogi da siffofi barkatai: Usman dan Fodio, Uthman ibn Fudi, Usmanu Danfodiyo, da sauransu. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya tsayar da Usuman dan Fodio, 1754-1817, a matsayin siffar da sauran ke komawa gare ta, kuma masu katalog na da kundi na musamman na irin wannan daidaitawa. Littafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da muke kira *Infaƙul Maisuri*, a wani katalog ɗin *Infaq al-Maysur* ne. Ɗalibin tarihi da bai san wannan ba zai rantse babu shi a ginin. Idan sabar na riƙe da kundin daidaita sunaye, ɗan aike ya yi amfani da shi. Idan babu, ko jerin hannu na sunaye hamsin da aka fi nema a laburarenku zai ceci mutane da yawa.

Babu iri uku ne

Manhajar da aka yi cikin gaggawa amsa ɗaya take bayarwa duk lokacin da hannunta ya dawo wayam: ba a samu komai ba. Amma abu uku ne daban ke iya faruwa. Ko dai an duba da gaske ba a samu ba. Ko sabar ba ta amsa ba sam, saboda an ɗauke wuta a ɗakin da take ko layin intanet ya yanke. Ko kuma tambayar ce ta lalace a hanya, sabar ta mayar da ita. A SRU wannan na uku yana da wayo, domin amsa na iya zuwa da lamba 200 lafiya lau, amma a cikinta saƙon ƙorafi ne ba littattafai ba. Wanda bai duba ba zai ƙirga sifili ya ce babu.

Kowanne da abin da ya kamata a faɗa wa mutum. Idan sabar ce ta yi shiru, a ce masa katalog ba ya amsawa yanzu, ya sake gwadawa ko ya tambayi ma'aikaci. Idan da gaske ba a samu ba, kada a bar shi da farin allo. Manhaja ta sake gwadawa da kanta a sassauce: ta cire lanƙwasa, ta nemi kalmomin ɗaya-ɗaya maimakon a jere, ta duba duk gurabu maimakon na suna kaɗai, sannan ta faɗa masa cewa ainihin abin da ya rubuta bai fito ba, amma ga makusantansa. Ɗalibi ya zo teburina yana cewa, "Malam, wai babu," na buɗe na ga sabar ce a kashe, abu ne da ba na son gani, don na san bayan shi akwai wasu da yawa da ba su zo sun tambaya ba.

Data da sirri

Mai karatunmu da kuɗinsa yake sayen data, kuma sau da yawa layin na rarrafe ne. Saboda haka a nemi sakamako goma ko ashirin a tashi ɗaya, sauran sai ya nema. A roƙi sabar gurabun da za a nuna kaɗai, ba cikakken bayanin MARC ba. Hoton bango na da kyau, amma hoto ɗaya na iya fin rubutun shafin duka nauyi, a bar shi sai an buɗe littafin. Kada kuma manhaja ta riƙa tura tambaya a kan kowane harafi da aka danna. Ta jira mutum ya ɗan tsaya. Wannan na rage wa mai karatu kuɗi, yana kuma rage wa sabar nauyi, musamman idan ta wasu ce da suka buɗe maka kyauta.

Batun sirri kuma tsohuwar amana ce ta aikin laburare. Abin da mutum ke karantawa tsakaninsa ne da kanta. Wata na neman littafi a kan wata cuta, wani a kan saki, wani a kan bashi. Ba ruwan manhaja da ajiye wane ne ya nemi me. Abin da nake ajiyewa shi ne kalmomin da aka nema ba a samu komai ba, tsurarsu, ba suna, ba lambar ɗalibi.

Gwaji a gaban kanta

Gwajin da na fi yarda da shi ba a kan kujera ake yin sa ba. Ka shiga tsakanin kantoci da waya a hannu, ka zaro littattafai barkatai, na Hausa da na Larabci da na Turanci, tsofaffi da sababbi. Ka ba wani ɗalibi ya kalli bango ya rubuta sunan yadda ya saba rubutu, da kuskurensa da rashin lanƙwasarsa. Duk littafin da ke hannunka amma manhaja ta ce babu, ka bi sawu ka ga inda aka rabu: a tambaya ne, a fihirisa ne, ko a bayanin da aka rubuta tun asali.

Jerin nan na kalmomin da suka dawo wayam, duk ƙarshen wata nakan kai wa Hajiya mu duba tare. Kashi uku yake rabuwa. Wasu gyaran manhaja ne, nawa ke nan. Wasu gyaran katalog ne, sai ta ƙara wata siffar suna a gurbi na 246, wanda aka tanada don sunan littafi na daban, ko ta gyara harafi. Wasu kuwa littattafai ne da ɗalibai ke so da gaske ba mu da su, sai su tafi ga kwamitin saye.

Abin da ya rage mana shi ne mu daina yin wannan aiki kowa a ɗakinsa. Jadawalin haruffa masu lanƙwasa, jerin jam'in Hausa, siffofin sunayen malaman Sakkwato da marubutan Kano da Zariya, duk abu ɗaya ne ko a wane laburare. Koha da VuFind a buɗe suke, kowa na iya ƙara musu abin da ya ga ya dace ya raba wa saura. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta da na nazarin laburare da na sashen Hausa, waɗanda kowace shekara ke neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, ga aiki nan da ke buƙatar su ukun a tebur ɗaya, kuma laburaren makarantarsu zai fara amfana da shi tun kafin su karɓi sakamako.